Raunin Da Ba Ya Zubar Da Jini: Ciwon Damuwa Da Matasan Ƙasar Kontagora

Da asubahin ranar 25 ga Oktoba, 2021, 'yan bindiga suka afka wa wani masallaci a garin Mazakuka da ke ƙaramar hukumar Mashegu a Jihar Neja, suka kashe masallata kimanin 18, suka kuma yi awon gaba da wasu. Wata biyar kafin nan, ranar 30 ga Mayu, an kwashe yara sama da ɗari daga makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko a Tegina, waɗanda suka shafe kusan wata uku a daji kafin su dawo hannun iyayensu. Kafin Tegina ma akwai Kagara, inda aka kutsa Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati ranar 17 ga Fabrairun shekarar, aka tafi da mutum 42, cikinsu har da ɗalibai 27. A watan Nuwamban 2025 abin ya sake maimaituwa a makarantar St. Mary's ta Papiri da ke ƙaramar hukumar Agwara, wadda cocin Katolika na Kontagora ke kula da ita, inda aka sace ɗalibai fiye da ɗari biyu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura yana da alƙalumansa. Ana ƙirga waɗanda suka rasu, ana ƙirga waɗanda aka sace, ana ƙirga waɗanda suka kuɓuta. Idan an sako yara, a kai su Minna, likitoci su duba su, a ɗauki hotuna, a miƙa su ga iyayensu. Daga nan sai 'yan jarida su tattara kayansu. Babu wani kundi da ke ɗauke da sunan saurayin da ya daina zuwa majalisar abokansa tun ranar da aka binne mahaifinsa, ko na budurwar da barci ya ƙaurace wa idanunta tun da aka sayar da gonar gidansu don biyan kuɗin fansa.

Sahon Rami gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Mashegu, cikin ƙasar masarautar Kontagora, kuma matasansa sun tashi ne a cikin wannan yanayi. Idan ɗan shekara 16 a garin ya kamu da ciwon damuwa, wa zai gane shi, kuma ina za a kai shi? Amsar wannan tambaya tana da alaƙa da dokoki da kasafin kuɗin da ke wucewa ta teburin ma'aikatan tarayya a Abuja.

Ciwo ne, yana da alamomi

Baƙin ciki ɗabi'a ce ta ɗan Adam. Wanda aka yi wa rasuwa zai yi kuka, wanda ya faɗi jarrabawa ransa zai ɓaci, bayan kwanaki kuma zuciya ta fara sanyi. Ciwon damuwa ya wuce wannan. Likitoci suna ɗaukar sa a matsayin cuta idan ƙuncin zuciya ko rashin sha'awar komai ya kama mutum kusan kullum, kusan duk yini, har na tsawon mako biyu ko fiye, sannan ya hana shi gudanar da al'amuransa na yau da kullum. Yakan zo tare da rashin barci ko yawansa, rashin cin abinci, kasala, kasa tsayar da hankali wuri guda, ganin kai ba a bakin komai ba, da kuma tunanin cewa mutuwa ta fi rayuwa.

A jikin matashi alamomin kan ɓad da kama. Maimakon kuka, sai a ga saurin fushi da baƙar magana. Yaron da a da yake zuwa na ɗaya a aji sai karatunsa ya lalace. Wani kuma jikinsa ne zai yi magana: ciwon kai da ba ya jin magani, zafin ƙirji, faɗuwar gaba, jin kamar wani abu na yawo a jiki. Irin wannan matashi zai iya shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod sau uku ko huɗu a kemis, ba tare da wani ya tambaye shi abin da ke cin ransa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da fargaba suna sahun gaba. Kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Hukumar ta kuma sanya kashe kai a matsayi na uku cikin abubuwan da suka fi hallaka masu shekara 15 zuwa 29 a duniya. Ga ƙasa irin Najeriya, wadda kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 20 ba, wannan batu ne da ya shafi kowane gida.

Abin da ke hura wutar

Ba abu guda ke haddasa ciwon damuwa ba. Akwai gado, domin yakan fi samuwa a gidan da wani ya taɓa yin sa. Akwai kuma abin da rayuwa ke ɗora wa mutum, kuma a nan ne matasan ƙasar Kontagora suka sha bamban da takwarorinsu na Maitama ko Gwarimpa.

Na farko shi ne rashi da firgici. Wanda ya ga an kashe wani a gabansa, ko ya kwana a daji yana gudun tsira, yana cikin haɗarin kamuwa da ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, kuma sau da yawa wannan ciwo da na damuwa tare suke tafiya. Na biyu shi ne talaucin da rashin tsaro ke haifarwa. Yankin da ya shahara da noman masara da dawa da wake ya ga manoma sun bar gonakinsu na nesa, gidaje sun sayar da shanu da hatsi don fanso 'yan uwa. Saurayin da ke sa ran yin aure da kuɗin kakarsa sai ya wayi gari babu gona, babu jari, babu ranar aure. Na uku shi ne rufe makarantu. Bayan Kagara an rufe makarantun kwana a yankunan da ke fuskantar barazana, bayan Papiri kuma Gwamna Mohammed Umaru Bago ya ba da umarnin rufe makarantun jihar na wani lokaci. Matakin yana da hujjarsa ta tsaro, amma makaranta ita ce ke tsara wa yaro yininsa, take haɗa shi da abokai, take sa masa buri. Idan ta rufe, duk waɗannan suna rufewa tare da ita.

Ga 'yan mata akwai ƙarin nauyi. A duniya baki ɗaya ciwon damuwa ya fi kama mata, kuma bambancin yana fara bayyana ne daga lokacin balaga. Yarinyar da ta haihu tana da ƙananan shekaru, nesa da mahaifiyarta, tana cikin waɗanda suka fi fuskantar damuwar bayan haihuwa, wadda akan ɗauka ƙiwa ce ko rashin son miji.

Sai kuma ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawa daga cikin matasan da ke shan tiramol ko wiwi suna neman abin da zai kashe musu tunani ne na 'yan sa'o'i. Ƙwayar kuma tana ƙara zurfafa ciwon, har a kasa gane wanne ya riga wani.

Inda ake fara kai marar lafiya

Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan tarbiyya ta haɗiye damuwa tana da amfaninta, amma tana sa matashi ya ɓoye abin da ya kamata ya faɗa. Idan ma ya faɗa, amsar da ya fi samu ita ce ya yi haƙuri, ya ƙara addu'a, ko kuma a tambaye shi me ya rasa. Wasu iyayen kan ɗauki abin a matsayin raunin imani, wasu su ce sammu ne ko shafar aljanu.

Tarihin malaman Musulunci bai goyi bayan wannan fahimta ba. Tun fiye da shekara dubu da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta littafi kan kula da lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambance baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani sanannen dalili ba, ya kuma danganta na biyun da yanayin jiki da ke buƙatar magani. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, kamar yadda mai hawan jini ke sallarsa kuma yana shan ƙwayarsa.

Duk da haka, ƙofar malami ko fasto ko mai maganin gargajiya ita ce ta farko da akasarin iyalai ke ƙwanƙwasawa, domin ita ce a kusa, kuma ita suka yarda da ita. Haɗarin yana zuwa ne idan aka tsaya a nan, ko kuma aka zarce zuwa gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum sama da 300, galibinsu yara da matasa, daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu waɗannan wurare da yawansu gyara suke nema, ba su kuma san wata hanya ba.

Hanyar asibiti kuwa tana da tsawo. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Sanannun asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a wannan ɓangare na Arewa su ne na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato. Mutumin Sahon Rami da zai je Barnawa, hanyarsa mafi kusa ita ce ta Tegina da Birnin Gwari, wadda sunanta kaɗai ya isa ya sa uba ya fasa tafiyar. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga kunyar a ce an kai ɗansa asibitin mahaukata.

Maganin yana nan, kuma ba sai a babban asibiti ba

Ciwon damuwa yana cikin cututtukan da ke jin magani. Ga matashi, matakin farko shi ne magani ta hanyar zantawa, wato zama da wanda aka horar, sau ɗaya a mako, na tsawon makonni. Zantawar tana da tsari. Ana taimaka wa matashin ya gano tunanin da ke karya masa zuciya ya auna shi da gaskiya, ya rarraba matsalolinsa ya tunkare su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma koma yin abubuwan da ya bari, ko da ransa ba ya so, domin komawa aikin ce ke dawo da sha'awa.

Ƙwayar magani tana da gurbinta, amma da sharuɗɗa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a bai wa yaron da bai kai shekara 12 ba maganin damuwa. Ga wanda ya haura haka, idan zantawa ba ta wadatar ba, ana iya amfani da fluoxetine a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, ana buƙatar sa ido sosai a makonnin farko saboda tunanin kashe kai na iya ƙaruwa ga wasu matasa, kuma ana ci gaba da shan sa watanni bayan an ji sauƙi. Saboda haka ba magani ba ne da za a saya a kemis bisa shawarar aboki.

Tambayar ita ce wa zai yi wannan aiki inda babu likita, kuma Najeriya ta ba da gudummawa wajen amsarta. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da ɗan uwansa, ana yi musu magani ba tare da an kulle su ba. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2008 hukumar ta ƙaddamar da shirin mhGAP, wanda ke koya wa nas-nas da jami'an lafiya na al'umma yadda za su gane matsalolin ƙwaƙwalwa su kuma magance su a ƙaramin asibiti.

An gwada wannan a gida. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gudanar da gwaji a cibiyoyin lafiya na matakin farko 35 a Jihar Oyo, kan manya sama da dubu ɗaya masu ciwon damuwa, aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet Global Health a 2019. Jami'an da ba likitoci ba ne suka kula da su, kuma bayan shekara guda kusan kashi uku cikin huɗu sun warke. A Ibadan ɗin dai, wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa zama biyar na zantawa a rukuni, a cikin makaranta, ya rage alamomin damuwa ga ɗaliban sakandare. Wani binciken na Gureje a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, wanda ya shafi masu taɓin hankali mai tsanani, ya nuna cewa marasa lafiya sun fi samun sauƙi idan jami'an lafiya suka haɗa hannu da malamai da masu maganin gargajiya.

Daga wajen Najeriya akwai misalai biyu da suka dace da ƙasar Kontagora. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, suna bi da su mataki-mataki wajen warware matsalolinsu, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da ingancin tsarin. Sunan da mutanen can ke kiran ciwon da shi a harshensu yana nufin yawan tunani, daidai da yadda Bahaushe ke faɗa. A arewacin Yuganda kuma, an gwada zantawar rukuni ta mako 16 a kan matasa 'yan shekara 14 zuwa 17 da yaƙi ya raba da gidajensu. Sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna cewa 'yan mata sun samu sauƙi ƙwarai, amma samari ba su samu irinsa ba. Darasin shi ne samari na buƙatar a bi musu ta wata ƙofa, watakila ta filin ƙwallo, wurin koyon sana'a, ko majalisar shayi inda suka saba buɗe baki.

Rigakafi

Rigakafin ciwon damuwa yana farawa ne daga gida. Yaron da ke da babban mutum guda da yake iya gaya wa damuwarsa ba tare da tsoron tsawa ba ya fi samun kariya, ko da uwa ce, ko kawu, ko gwaggo, ko malamin allo. Duka mai tsanani da gori da kwatanta yaro da 'yan uwansa suna cikin abubuwan da ke raunana shi. Isasshen barci da motsa jiki suna da tasiri, haka ma taƙaita kallon bidiyon kashe-kashe da ke yawo a WhatsApp da Facebook bayan kowane hari.

Makaranta ita ce mataki na biyu. Tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koya wa dukkan matasa dabarun sarrafa fushi da baƙin ciki da warware saɓani, ba sai waɗanda suka kamu ba. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta duniya, ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a Oktoban 2021, sannan ta ƙaddamar da tsarin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026. Katanga da masu gadi suna da muhimmanci. Amma yaron da ya dawo daga daji yana buƙatar malamin da zai gane dalilin da ya sa yake zabura idan ya ji ƙarar babur.

Rage talauci ma rigakafi ne. A gundumar Zomba ta ƙasar Malawi, binciken da aka yi kan tallafin kuɗi ga 'yan mata 'yan makaranta ya nuna raguwar damuwa a tsakaninsu a lokacin da ake biyan tallafin. Duk shirin da zai mayar da saurayi gona ko ya riƙe yarinya a aji, yana yi wa lafiyar ƙwaƙwalwa aiki, ko da ba a rubuta haka a takardarsa ba.

A garin manoma akwai wani mataki da ke ceton rai kai tsaye, wato nesanta magungunan feshi daga hannun matasa. Tunanin kashe kai sau da yawa yakan taso ne ya lafa cikin ɗan lokaci, kuma idan babu guba a kusa, mutum kan tsira. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi haɗari, kuma tsakanin tsakiyar shekarun 1990 da 2015 yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. A Najeriya hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin taƙaita sayar da wasu irin waɗannan magunguna a ƙananan kwalabe tun 2019. A matakin gida, akwati da kwaɗo sun isa, mabuɗin kuma ya kasance a hannun maigida.

Doka ta samu, saura aiki

Shekara da shekaru Najeriya tana amfani da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916, kuma manufarta ita ce tsare marar lafiya. A watan Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Sanata Ibrahim Oloriegbe ya jagoranci ƙudurinta. Dokar ta tanadi kafa sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusu na musamman, ta kare marar lafiya daga wariya da cin zarafi, ta kuma gindaya sharuɗɗan kwantar da mutum ba da son ransa ba. A shekarar aka sabunta manufar ƙasa kan lafiyar ƙwaƙwalwa, aka kuma fitar da tsarin hana kashe kai na 2023 zuwa 2030.

Sai dai an daɗe ana rubuta takarda mai kyau. Tun manufar 1991 aka ce za a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan cibiyoyin lafiya na matakin farko. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuffuka na Arewa, da na 327 na takwaransa na Kudu, sun tanadi ɗauri har na shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, tanadin da ke sa iyaye su ɓoye ɗansu a ɗaki a lokacin da ya fi buƙatar asibiti. A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin da zai yi aikin soke wannan hukunci.

Bututun da zai kai taimako har Sahon Rami ya riga ya wanzu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga Asusun Kiwon Lafiya na Matakin Farko, da nufin a samu cibiya guda mai aiki a kowace mazaɓa. Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, tana da mazaɓu 274 a ƙananan hukumomi 25, tana kuma da hukumar inshorar lafiya ta NiCare. Abin da ake buƙata shi ne a horar da jami'i ɗaya ko biyu a kowace cibiya kan tsarin mhGAP, a tanadi magunguna, a haɗa su da likitan da zai riƙa duba aikinsu ta waya, sannan a sanya adadin masu ciwon damuwa cikin rahoton wata-wata, domin abin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi. Jihar Binuwai ta yi shekaru tana gudanar da irin wannan shiri tare da cocin Methodist, a Borno ma an horar da jami'an lafiya kan tsarin saboda waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita. Legas da Ekiti kuwa sun yi nasu dokokin na jiha.

Nan ne aikin ya zo hannun masu karanta wannan shafi. Hadimin ɗan majalisa shi ne ke tsara jerin ayyukan mazaɓa, kuma kuɗin horar da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma guda bai kai na wasu ayyukan da ake saka wa allo a bakin titi ba. Jami'in kasafi shi ne ke ganin layin da aka bari babu ko sisi. Ma'aikacin hukumar agaji shi ne ke rubuta abin da za a kai sansanin 'yan gudun hijira, kuma yana iya sanya mai ba da shawara kusa da buhun shinkafa da katifa. Fadar Sarkin Sudan na Kontagora da hakimai da limamai da fastoci su ne za su sa jama'a su yarda cewa zuwa asibiti don damuwa ba abin kunya ba ne.

Idan waya ta zo daga gida

Ma'aikacin Abuja shi ne ake kira idan wani abu ya faru a ƙauye, kuma maganarsa tana da nauyi a gida. Idan aka ce masa ƙaninsa ko ɗiyar yayarsa ta canza, ba ta magana, ba ta cin abinci, abu na farko shi ne ya nemi yin magana da ita kai tsaye, ya saurara fiye da yadda zai yi nasiha. Ya tambayi tun yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya karatu. Ya kuma tambaya a fili ko tana tunanin cutar da kanta, domin bincike ya nuna cewa yin wannan tambaya ba ya cusa tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake kawowa. Idan amsar ta zama e, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da ita, a kai ta asibiti mafi kusa a ranar. Idan alamomin sun haura mako biyu, kuɗin da zai tura ya zama na ganin jami'in lafiya, kuma ya roƙi iyaye kada a yi duka, kada a ɗaure, kada a kai gidan mari.

Yaran Tegina da aka sace suna ƙanana a 2021 yanzu suna shiga shekarun balaga, shekarun da ciwon damuwa ya fi bayyana. Na Papiri suna biye da su, haka ma dubban da ba a taɓa sace su ba amma sun girma cikin zullumi a garuruwa irin su Sahon Rami. Nan da shekara goma su ne manoman yankin, su ne malamansa, su ne iyaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma doka da ilimi da hanyar kuɗin da ake buƙata don kula da su duk suna nan a ƙasa.